Ranar da Aka Wanke Duron Baba

Baba ya rasu ranar Talata da hantsi, yana zaune a kujerarsa ta roba a gindin mangwaro, rediyo na ta surutu a kan cinyarsa. Kafin rana ta take tsaka gidanmu na Romi a Kaduna ya cika maƙil, har sai da aka aro bencina daga coci aka jera a bakin hanya. Ni matar ɗansa ce. Tun ranar da aka kawo ni gidansa har ya bar duniya bai daina kirana Amarya ba, duk da jikokin da na haifa masa.

Kowa ya zo da irin nasa Baban. Tsofaffin abokan aikinsa na masaƙar Kakuri sun zauna gefe guda suna girgiza kai, ɗayansu ya ce bai taɓa ganin mutumin da zai tsuguna a bakin kwata ya ɗebi ruwa a kwalba yana murmushi ba sai shi. Maƙwabciyarmu mai kunun zaƙi tana kuka tana cewa, "Yanzu wa zai riƙa yi mini faɗa in na ajiye guga a ƙasa?" Ƙanwarsa ta iso daga ƙauye da yamma, tun daga bakin titi ake jin muryarta. Mama kaɗai ce ba ta yi kuka ba. Ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafafu, duk wanda ya ce mata sannu ta ce yauwa, idonta a bushe ƙamas, har mata suka fara raɗa cewa irin wannan shirun ba alheri ba ne.

Washegari da sassafe matan zumunta na cocinmu suka zo gyaran gida, kamar yadda suke yi wa duk inda aka yi rashi. Allah ya saka musu, matan nan ba su san ƙiwa ba. In suka shiga gida, ko gizo-gizo sai ya nemi wani wurin zama. Ni da maigidana mun fita wajen mai haɗa akwatin gawa, ba mu dawo ba sai da rana ta ɗaga. Ina shiga tsakar gida warin bilic ya dake ni. Na waiwaya bayan kicin, sai na ga shuɗin duron Baba a kife, yashin cikinsa an shanya shi a kan buhuna, fari tas.

Shugabar zumunta ta taro ni tana share gumi da bakin zani. Ta ce, "'Yar'uwa, kin ga aiki? Wannan duron naku, kai! Yauƙi ne a kansa kamar miyar kuɓewa. Baƙi za su zo daga Jos, su zo daga Kafanchan, su leƙa su ce abin da muke sha ke nan? Mun dirje shi da sabulu, mun zuba bilic, yanzu sai a mayar."

Sai Mama ta fito daga ɗaki, ta tafi a hankali har wajen buhunan, ta damƙi yashin ta kai hanci. Ta ce, "Kun kashe masa su." Daga nan ta zube ƙasa ta kece da wani kuka da ban taɓa jin irinsa a bakinta ba. Matan suka rufe ta suna cewa gara da ta yi, kukan ya fita. Sun ɗauka baƙin cikin jiya ne ya sami hanya. A tsakar gidan nan mu uku kaɗai muka san cewa an yi gyaran gangar auzinawa, an kashe abin da Baba ya yi shekaru yana reno.

Dalilin wannan rubutu ke nan. Ina so wanda bai san Baba ba ya san mene ne ke cikin duron, kada a ce tsohuwa ta yi wa yashi kuka.

Baba ya yi aikinsa duka a ɗakin gwaje-gwaje na masaƙa. Shi ke duba ruwan da ya fito daga wajen rini kafin a sake shi ya bi rafi. Da ya yi ritaya suka bar masa wani tsohon madubi mai ido ɗaya, irin wanda ake duba jini da shi a asibiti. Yana ajiye shi cikin akwatin katako, ya lulluɓe da tsumma mai tsabta fiye da hularsa ta zuwa coci. A bakin tagarsa kuwa kwalabe ne jere: ruwan rijiya, ruwan kwata, ruwan kogin Kaduna, ruwan da ya kwana a tsohuwar taya. Da na fara ganinsu ina sabuwar amarya, na raya a zuciyata cewa surukin nan nawa boka ne, kawai dai yana riƙe da littafin waƙoƙi ranar Lahadi.

Wata rana ina tsinke alayyafo ya kira ni. "Amarya, zo ki gaishe da mutanena."

Ya ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kan ɗan gilashi, ya ce in kafa ido. Da farko ban ga komai ba sai gashin idona. Ya murza wani abu a gefe, sai ga wasu 'yan mitsi-mitsin halittu kamar tsakin shinkafa suna ta kai da kawowa. Ɗaya ya miƙe fuu, ya tsaya, ya wuntsila, ya ɗauki wata hanya. Wani ya yi ta zagaye a wuri guda. Na ja da baya na ce, "Yesu! Baba, wannan a cikin ruwa yake?"

Ya yi dariya har da tari. "Iyo suke yi. Kowane yana da 'yar wutsiya da ba za ki gani ba, ita yake murzawa kamar fanka. Tsaya ki ga wani abu."

Ya ɗauki ƙwayar sukari ya ajiye a gefen ɗigon, ya ce in je in duba tukunyata in dawo. Da na dawo, gani ya kori ji. Sun yi dafifi a ɓangaren sukarin, sun cushe, har ruwan da kansa yana juyawa kamar ana dama shi. Na tambaye shi yadda aka yi suka sani, tunda ba ido ba hanci. Ya ce ba su san inda abinci yake ba, abin da suka sani kawai shi ne ko nan ya fi inda suka baro. In ya fi, su ci gaba. In bai fi ba, su wuntsila su gwada wata hanya. "Kin ga sun fi mijinki hankali. Shi in ya ɓata hanya sai ya ƙara wuta."

Ya tsani a kira su ƙwayoyin cuta gaba ɗaya. In ka faɗa a gabansa, ka jawo wa kanka wa'azin da ya fi na Fasto tsawo. Yakan ce akwai miyagu a cikinsu, kamar yadda akwai a kowace unguwa, amma mafi yawansu ma'aikata ne. A bayan masaƙa, in ji shi, akwai tafkunan da ake tara baƙin ruwa, su ne suke cin dattin har ruwan ya washe. Yakan ce takardarsa ta ce shi ma'aikacin gwaji ne, amma a gaskiya kiwo ya yi har ya tsufa.

Shekarar da soja suka miƙa mulki muka tare a Romi, a filin da ya saya tun wurin yana gonaki. Shekara na zagayowa rikici ya ɓarke a gari. Ba zan tsaya a kansa ba, duk wanda ya gani ba ya son a tuna masa. Bayan ƙura ta lafa, Kiristocin da ke tsallaken kogi suka kwararo kudu, Musulmin da muke zaune da su a nan suka koma arewa. Romi ta cika cikin 'yan watanni. Kowa ya sami ɗan fili sai ya haƙa rijiya a wannan kusurwa, masai a waccan, maƙwabci kuma ya haƙa nasa masan jikin katangarka. Da damina ta sauka yara suka fara gudawa gida-gida. 'Yata ta fari, wadda aka sa wa sunan mahaifiyarsa yake kiranta Uwata, ta kwanta har idonta ya faɗa. Allah ya tashe ta, amma Baba bai sake zama lafiya ba sai da ya haɗa duron nan.

Ya zuba tsakuwa a ƙasa, yashi mai kaushi a kai, sannan lallausan yashin kogi da ya wanke da hannunsa. Ya fitar da ɗan bututu ta gefe, ya ɗaga bakinsa yadda ruwa ba zai taɓa ƙafewa daga kan yashin ba. Kullum da safe ya juye bokitin ruwan rijiya ta sama, ya fito ta bututun garau. Muka yi murna za mu sha, ya daka mana tsawa.

"Kada wanda ya taɓa! Ba su gama gini ba."

Makonni muka yi muna kallon ruwa mai kyau ana ba shukar mangwaro. Maigidana ya yi ta gunaguni. Ranar da Baba ya gamsu, ya lakato yashi kaɗan daga sama ya sa a madubi ya kira ni. Wannan karon ba iyo na gani ba. Sun manne jikin ƙwayar yashi, wani abu kamar majina ya lulluɓe su. Ya ce in mai iyo ya sami wurin da ya yi masa, sai ya daina yawo, ya kama, ya fara fitar da yauƙi. Wasu su zo su kama a jikinsa. Yauƙin ya haɗe wannan ƙwayar yashi da waccan, ya toshe manyan ƙofofi, ya bar 'yan lunguna da ruwa zai bi a hankali. Duk dattin da ya zo wucewa sai ya maƙale, miyagun da suka biyo ruwa kuma a cinye su a nan. Ya ce, "Yashi shi kaɗai rariya ce kawai, Amarya. Su ne suka mai da shi gari. Ba mai zama a wuri ya bar shi yadda ya same shi."

Duk da haka bai yarda a ba jariri ba sai an tafasa. Yakan ce mutanensa suna da ƙoƙari, amma ba mala'iku ba ne.

Labari ya bazu. Da safe sai ka ga jarkoki sun yi layi a ƙofar gidanmu, shi kuma yana tsaye yana duba kowace, wadda ba a wanke ba ya kore ta ko ta matar dattijon coci ce. Wani ɗan takarar kansila ya taɓa zuwa neman ƙuri'a, aka ba shi ruwan ya sha, ya yi alkawarin famfo a kowane layi. Baba ya raka shi har bakin mota cikin ladabi, ya dawo ya leƙa duron ya ce, "Ku dai ci gaba da aiki, kada ku ji maganarsa."

Ba zan ce ba shi da hali mai gajiyarwa ba. In aka kai masa ruwa a gidan mutane sai ya ɗaga kofin sama ya duba a haske, mai gida na kallo. Sau nawa na so ƙasa ta tsage in shige. Ya taɓa tsayar da bikin suna don ya nuna wa masu gida cewa rijiyarsu ta yi kusa da bayan gida. Gaskiya ya faɗa, amma an daɗe ba a sake gayyatarmu ba. Kuma in ya fara bayani, ko tuwonka na ƙonewa sai ka ji ƙarshe.

Babbar rigimarsa kuwa da Mama ce. Mama mace ce da in ta wanke tukunya kana iya ganin fuskarka a gindinta. A ce a bayan kicin ɗinta akwai abin da ke yauƙi, kuma an hana ta taɓawa, wannan ya tsaya mata a rai. Wata Kirsimeti ta shirya za su ƙauye su yi mako biyu, Baba ya ce shi kwana biyu zai yi, domin in ba a zuba wa duro ruwa kullum ba mutanensa za su mutu da yunwa.

Mama ta ajiye jakar da ke hannunta. "Kai yanzu saboda Allah, 'yan'uwanka na jiranka, kabarin uwarka na jiran shara, kai kana nan kana gadin majina?"

"Majinar nan ita ta hana ki zaman asibiti da jikokinki."

"To ka zauna ku yi Kirsimeti tare, su dafa maka shinkafa."

Ta tafi ita kaɗai. Da ta dawo sun yi kwanaki sai ta bakina suke magana: gaya wa Babanku abinci na kan tebur, gaya wa Mamanku na gode. Harshe da haƙori ma akan saɓa. Amma lokacin da ƙafarsa ta fara kumbura ya kasa ɗaukar bokiti, ba ni ya roƙa ba, ba ɗansa ya roƙa ba, ba wanda ya roƙa. Da asuba kawai nakan ji ƙarar guga, in leƙa in ga Mama tana juye ruwa a duron sannu-sannu ta kan wani faranti da ya huhhuda ya ɗora a saman yashin, tana mita ƙasa-ƙasa. Shi kuma yana jin ta daga ɗaki, bai taɓa nuna ya sani ba.

Aka binne Baba ranar Asabar. Bayan baƙi sun ragu muka ɗauraye yashin har warin bilic ya fita, muka mayar yadda ya koya mana. Jarkokin maƙwabta muka ce su dakata, mu ma muka koma tafasa ruwa. Maigidana ya yi ta rarrashin uwarsa, ya ce ai in aka ci gaba da zuba ruwan rijiya wasu za su zo su kama, haka Baba ya fara tun farko. Gaskiya ne kuma. Mama ta ce, "Na sani. Waɗanda ya sani nake so." Ta daina zuwa bayan kicin. Abinci ma sai an yi da gaske take taɓawa, zaninta ya fara yi mata yawa, ni kuma tsoro ya kama ni kada mu yi rashi biyu a shekara ɗaya.

Ana nan sai wata rana da la'asar muka ji sallama. Wani dattijo ne mai farin gemu, da 'yar shara da carbi. Maigidana ya tashi da sauri ya durƙusa. Abokin Baba ne tun suna samari a masaƙa, shi yana ɓangaren rini. Gidajensu na jere a Kakuri, kuma har bayan mun dawo Romi kusan kullum yana gidan nan, kafin rikici ya mai da shi tsallake. Tun daga lokacin mutum ba ya ƙetare gada haka kawai, shi ya sa labari bai same shi da wuri ba. Ya zauna ya yi wa Mama gaisuwa, ya daɗe yana addu'a hawaye na bin gemunsa. Na kawo masa ruwa a kofi. Ya kurɓa ya tsaya.

"'Yata, wannan ai dafaffe ne. Ina na duro?"

Na gaya masa abin da ya faru. Bai zagi kowa ba. Ya ce, "Allah sarki, da kyakkyawar niyya suka yi." Ya ɗan ƙara zama, ya yi sallama ya tafi.

Washegari da hantsi sai ga shi kuma. Ya sauko daga acaɓa yana rungume da kwanon sha mai murfi, gaban rigarsa ya jiƙe. Tun daga tsallake ya riƙo shi a cinya cikin bas, yana hana kwandasta ya matse shi. Ya ce a bakin gada wani ɗan sanda ya tare shi, ya nuna kwanon ya ce, "Baba, wetin dey inside?" Da ya buɗe masa ya ga yashi da ruwa, sai ya dube shi da tausayi ya ce ya wuce.

Ya ajiye kwanon gaban Mama ya buɗe. Yashi ne mai duhu-duhu, ruwa ya ɗan rufe shi.

Ya ce, "Maman yara, wannan nasa ne. Bayan na koma can jikokina suka yi ta ciwon ciki. Ban gaya masa ba, wani ne ya kai masa labari. Sai ganinsa na yi a ƙofar gidana, lokacin da ba Kiristan da ke shiga unguwarmu, ya sa hula ya rungumo kwano kamar wannan. Shi ya haɗa mini duro, ya zuba mini daga na gidan nan. Ya ce kada in gaya miki, za ki yi faɗa."

Mama ta dubi kwanon. Ta ce, "Da kuwa na yi." Ta yunƙura ta tashi, ta ƙi yarda kowa ya riƙe mata. Ita ta kai shi bayan kicin, ta zuba a kan sabon yashin da hannunta, dattijon na tsaye yana ce mata a hankali, a hankali. Ranar ta ci tuwo ta nemi ƙari.

Ta koma tashi da asuba. Ba ta bari ni ko maigidana mu ɗauki gugan. Matan zumunta sun zo ba da haƙuri, ta ce ba komai, ta zaunar da su ta yi musu bayanin masu iyo da masu gini, tana kuskure a wasu wuraren, ba wanda ya gyara mata. Har yanzu ruwa muke tafasawa, domin ta ce ba su gama ba, kuma ba wanda ya isa ya musa.

Jiya da safe ina hura wuta ta kira ni. Na same ta ta ɗage farantin, ta wanke hannu ta tsoma yatsa ɗaya ta shafi saman yashin. Ta ɗago ta murza shi da babban yatsa, ta miƙo mini in taɓa. Da santsi.

"Amarya," ta ce, ita da ba ta taɓa kirana haka ba, "je ki gaya wa maƙwabta su fara wanke jarkokinsu."

Allah ya ba Baba hutu a wurinsa, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da 'ya'yan mutane a tsallake biyu na kogin nan. Mu da ya bari, Allah ya ba mu haƙurin tashi da asuba.